Ranar da Na Fassara Waƙar Inna

Wata Juma'a ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga sanawi, wato sakandare, muna tugar gyaɗa a gonar maƙwabtanmu a bayan garinmu Wad Haddad. Mata sun jeru sun duƙa, baƙar laka ta kama musu ƙafa, yara na ƙona gyaɗa a gefe suna faɗa a kan wadda ta fi nuna. Ni kuwa jikina ne kawai a wurin. A makon nan malaminmu na Larabci ya fara koya mana balaga, ilimin adon magana, kuma tun daga ranar na hana kowa sakat. In kakata ta ce rana ta yi kamar wutar maƙera, sai in ce tashbihi ne, wato kamance. In ƙanena ya ce zai iya cinye tukunyar tuwo, in ce ya yi mubalaga, ya kambama magana. Ko tallan mai kifi sai na rarraba shi gida-gida. Inna, mahaifiyata, takan ce, "Wagga ɗiya, bakinta ya riga hankalinta tashi." Ban damu ba, gani nake an ba ni mabuɗin maganar duniya.

Abin da ke damun gidanmu a lokacin ruwa ne. Babanmu yana can garin Rusairis wajen aiki, Inna ce ke riƙe da gonarmu, dawa kuma ta fid da kai tana neman sha na ƙarshe. Ƙaramar hanyar ruwan da ke zuwa mana sai ta ratsa ta gaban gonar Baffa Isa, yayan babanmu, dogon mutum mai son farin kaya, wanda ko gona zai je sai da farar jallabiya. Kwanakinsa na ban-ruwa sun cika, amma ya bar lakar da ya datse hanyar da ita. Kullum da safe Inna sai ta je ta duba ƙasarmu tana tsagewa, ta dawo ta kasa zama wuri ɗaya, ta share tsakar gida sau biyu. Matar ƙane ba ta tarar yayan miji da irin wannan magana. Abin da matanmu ke yi shi ne su sa ta a waƙa, ba suna, wanda ya tsargu ya gyara a ɓoye, gobe a gaisa kamar ba a yi ba.

Ranar nan Baffa yana zaune a inuwa kusa da mu, shebur ɗinsa a gefe. Sai Inna ta ɗaga murya tana tuga tana rerawa: balbela ta tsaya bakin ruwa, ta sha ta yi wanka, 'yan tsaki na baya da ƙishi. Mata suka amsa, ba wadda ta ɗago kai. Na ga Baffa ya yi gyaran murya, ya miƙe, ya ɗauki shebur ya nufi wajen datsin a hankali, kamar mai zagaya gona. Ban fahimci abin da nake gani ba. Abin da na fahimta shi ne na sami misali wanda ya fi na littafi. Na miƙe da gyaɗa a hannu na yi bayani da ƙarfi, yadda malam yake so: wannan isti'ara ce, an ɓoye wanda ake kamantawa an bar abin da aka kamanta shi da shi. Balbela Baffa ne, abin da ya haɗa su farin kaya da dogayen ƙafafu, 'yan tsaki kuma mu ne.

Wata yarinya ta tuntsire da dariya, uwarta ta make ta. Waƙa ta mutu. Baffa ya tsaya cak, saura taku kaɗan ya isa datsin. Ya juyo ya dube ni, ya dubi Inna, ya saɓa shebur a kafaɗa ya kama hanyar gida.

Ruwa bai zo mana ba sai bayan kwana tara, da manyan gari suka sa baki, kuma kafin nan rabin dawar ta bushe a tsaye. Inna ba ta dake ni ba, na so a ce ta daka. Muna tafiya gida a ranar ta ce, "Ustaz ya gaya muku sunan abin. Bai gaya muku dom mi aka yin shi ba? Hanya ni bar mai ya wuce da mutuncinai, ke kin toshe ta." Yaran unguwa kuma suka laƙaba wa Baffa sunan tsuntsun nan, suna kiransa daga bayan katanga su gudu. Har ya rasu bai sake cin abinci a gidanmu ba. A shekarar na fi kowa maki a balaga, muna cin tuwo sau ɗaya a rana tun kafin damina ta kewayo.

Yau ni ce nake koyar da darasin. Ɗalibaina suna haddace sunayen nan tsaf, su rarrabe tashbihi da isti'ara kafin in rufe baki, amma yawancinsu ba su taɓa jin mace ta nemi haƙƙinta da waƙa ba. Yanzu in an ɓata, a waya ake faɗa, da Larabcin da ya zama harshen gari a nan, da suna, kowa ya karanta. Nakan yi kewar matan nan da ke iya gaya wa mutum laifinsa su bar shi da rawaninsa a kai. Na sha yunƙurin ba ɗalibai labarin Baffa, sai in ga zan sake kiran sunansa a gaban jama'a, in fasa. Har yau in aka yi habaici na gane wa ake nufi, shiru nake yi.