Orrin da Gidan da Ba Ƙusa

Kullum da hantsi Orrin Peaslee sai ya zagaya tsohon gidan katakon nan na bakin fadamar garinmu a Massachusetts, yana ƙwanƙwasa ginshiƙai da gudumar ice, yana kasa kunne. Turawan Ingila na farko ne suka kafa gidan tun ƙarni na sha bakwai, benensa ya turo goshi, babu ƙusa ko ɗaya a gaɓoɓinsa sai turakun ice. Kusan shekara arba'in Orrin yana kula da shi, yanzu gwiwoyi sun ce ya isa.

Ni ma kafinta ne, tare muka koyi aiki. Ba zan ɓoye ba, hassadarsa nake yi. Ni ana kirana gyaran ƙofar gareji, shi kuwa har 'yan makaranta ake kawowa su ga hannunsa.

Bana babban icen da ke ɗauke da rufin ya ruɓe. Ko dai a canza shi kafin ƙanƙara ta sauka, ko gidan ya durƙusa. Na ce masa, "Orrin, ɗaure shi da ƙarfe mu huta mana."

Ya ce, "Calvin, kai ko kakarka ce ta karye, ƙusa za ka buga mata."

Ya saro ice, ya feƙe shi da gatari, ya fere turaku ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka taru aka ɗaga, ya zauna daram, ko takarda ba ta shiga tsakani. Haushi ya kama ni.

Al'adarmu ce, in aka gama, babban kafinta ya hau ƙololuwa ya ɗaura ɗanyen reshe. Tun ina saurayi nake mafarkin wannan hawan. Orrin ya dubi tsani, ya dubi gwiwoyinsa, sai ya miƙo mini reshen.

"Hau, sarkin ƙusa. Da igiya fa."

Na hau, na ɗaura, na juyo ina jiran tafi. An kuwa tafa, amma kowa ya ba ni baya, Orrin suke kallo.

Kai ne gwanin, Orrin, na faɗa da bakina ko da yana mini ɗaci. Mun gode. Matasa, ku je ku koya tun yana iya riƙe guduma. Ni na riga ku, jiya ya nuna mini firar turke, ya ce da saura.