Kauɗar Tuffa

Abin da na fara lura da shi a Alƙahira ƙamshi ne. Daga filin jirgi har unguwar Hayyin Ashir kaina na sunkuye a cikin tasi, ban ga komai ba sai takalman Abba da suka tsage a gefe. Sai da muka shiga ginin muka fara hawan matakala, shi a gaba da akwatina a kafaɗa, sannan na ji shi: ƙamshi mai zaƙi, mai nauyi, wanda ya fara juyawa zuwa tsami. Duk hawan da muka ƙara sai ya ƙaru. A hawa na biyar Umma ta buɗe ƙofa ta rungume ni, ita ma jikinta shi yake yi. Na san ƙamshin nan. Tuffa ce.

Shekarata goma sha biyu a lokacin, cikin zafin 2014. Iyayena sun shekara uku a Masar, Abba yana karatu, ni kuwa an bar ni a Azare wurin Kaka, mahaifiyar Umma. A wurinta na san tuffa. Shekarar da aka kwantar da ita asibiti wani ya zo dubiya da guda biyu. Ɗaya ta ba matar gadon kusa da ita, ɗayar ta naɗe a hankici ta cusa ƙarƙashin matashi. Kullum da safe sai ta ciro reza ta yanka siriri biyu, nata da nawa, ta mayar. Kwana huɗu muka yi muna cin tuffa ɗaya. Bayan ta ƙare ma ba ta bari an wanke hankicin ba.

Yanzu ga ni a falon da kwali goma sha ɗaya na tuffa suka tare rabinsa, an jera su har kusan taga. Kafin in cire hijabi Umma ta ja ni ɗaki ta yi min bayani a hankali. Tallafin karatun Abba ba ya isa, don haka idan an yi hutu yakan yi aikin ɗaukar kaya a ɗakin sanyi na wani mai sayar da 'ya'yan itace. Bana ana yawan ɗauke wuta, injin wurin ya lalace, mai kayan ya ga gara ya raba wa ma'aikata da ya zuba ido su ruɓe. A gida kuwa an san Abba da karatu da koyar da yara Ƙur'ani a unguwar Ma'adi, ba a san shi da dako ba. Ta ce kar in kuskura in faɗa wa kowa a waya.

Ban faɗi dakon ba. Amma da aka kira Kaka don ta ji na sauka lafiya, bakina ya kasa riƙe sauran. Na ce mata tuffa a nan har ana taka ta.

"Ke ƙawata, ashe Aljanna kika tafi ba sallama," in ji ta. Sai ta yi tari, ta daɗe kafin ta ci gaba. "To ki aiko min ko da ɓawon ne, in shinshina."

Da wasa ta faɗa, irin wasanmu na kullum. Amma na ga Umma ta juya ta kalli kwalayen.

Aikina na farko a ƙasar Masar shi ne zaɓe. Kullum da safe nakan zauna gaban kwali in ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, in juya, in danna da babban yatsa. Mai tauri dama, wadda ta fara laushi hagu, wadda yatsana ya nutse a cikinta bokiti. Kowace tana da ɗan tambari manne a jiki, nakan ɓamɓare in liƙa a bangon littafina har ya cika. Bokitin kullum ya fi na jiya cika.

Mun ci ɗanya har haƙorana suka mutu. Umma ta markaɗa muka sha. Ta goga ta a kunun gyaɗa, wannan ya yi daɗi. Ta zaɓi korayen masu tsami ta jiƙa a madadin tsamiya, kunun ya fito kamar ruwan wanke kwano. Ran da ta yanka ta a miya, Abba ya kai loma ɗaya ya ture kwanon, ya tambaya ko miya ce wannan ko alewa. Ranar Juma'a abokan karatunsa sukan zo su cika aljihu, har suka fara zuwa suna cewa sun ƙoshi tun daga ƙofa. Mai kwasar shara ya karɓi ruɓaɓɓun don jakinsa, bayan kwana uku ya ce khalas, ya isa haka, jakin ya fara zawo.

Sai rabo, kamar yadda ake yi a gida. Umma ta cika faranti ta aike ni ƙofa ƙofa da kalma ɗaya ta Larabci da ta koya min. Nakan miƙa, in faɗa ido a ƙasa, in gudu. Abin da ban sani ba, mutanen Masar ba sa mayar da faranti babu komai. Duk farantin da ya fita da tuffa sai ya dawo da shinkafa ko wani abin zaƙi. Matar hawa na uku ta dawo da namu da kwalba a kai, cike da abin da suke kira marabba, wato tuffarmu ce aka dafa da sukari har ta yi kauri. Umma ta buɗe ta shinshina, ta yi dariya har ta zauna a kan kwali. A watan nan duka wannan ce kaɗai dariyarta da na ji.

Amma duk wannan rage kaya ne kawai. Abin da ke ranta Kaka ce. Ɗanyar tuffa ba za ta jira mai tafiya ba, sai ta ce za mu yi kauɗa, kamar yadda ake shanya tumatir a gida idan ya yi araha. Muka haura saman gini da kwali biyu, ta raba kowace gida biyu kamar tumatir, muka baza a tabarma. Ni ce mai gadi. Nakan zauna a inuwar tankin ruwa ina korar tattabaru, ina kallon dogayen gine-gine masu launin ƙasa da kayan shanya a kowace taga. A rana ta huɗu bayansu ya yamutse kamar sun bushe, na ɗauki ɗaya na matsa, sai baƙin ruwa ya fito da ƙananan ƙudaje. Kwali biyu suka tafi bokiti.

Wata tsohuwa Basudaniya da ke hawa na huɗu ta hau shanya ta same mu muna kwashewa. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka taso da ƙafa za su hajji suka tsaya a hanya, Hausarta tsohuwa ce mai gauraye da Larabci. Ta tsaya ta kalli tabarmar ta girgiza kai.

"'Yata, wa ya ce miki wannan tumatir ne? Ma'alish, ba komai. Kawo wuƙar."

Ta nuna mana a yanka siriri har ana ganin haske ta ciki, a tsoma a ruwan lemon tsami don kar ta yi baƙi, a shiga da allura a jera a zare, a rataye inda iska ke wucewa. Don ƙuda kuwa na ɗauko gidan sauron da Kaka ta cusa min a akwati, muka lulluɓe. Kwana shida ina hawa ina sauka. Yatsuna duk suka tsage, lemon tsami yana shiga yana zafi, ban faɗa ba. Kwali uku na ƙarshe suka koma leda ɗaya, marar nauyi, in ka girgiza tana ƙara kamar busasshen ganye. Na ɗanɗana ɗaya. Tana da danƙo, zaƙinta ya fi na ɗanyar, kuma mai haƙori huɗu kamar Kaka za ta iya tsotsa.

A ƙarshen watan wani abokin Abba da ya gama karatu zai koma gida, garinsu kusa da namu. Ya ba Abba wurin kilo biyar a jakarsa. Abba ya cika wurin da littattafai manya masu ruwan zinariya a baya, zai aika wa tsohon malaminsa. Umma ta kawo ledar ta ajiye kusa da su. Ina bayan labule na ji ya bi Umma kicin.

"Idan aka tambaye ni ina na samu tuffar da har ta yi yawan shanyawa, me zan ce?"

"Ka ce kyauta aka ba ka. Ai gaskiya ce."

"Ba a ba ɗalibi irin wannan kyautar. Mahaifiyarki za ta raba wa unguwa, gobe kowa ya san aikin da nake yi."

Ya ce a bari sai wani jiƙon, idan ya samu abin da ya fi dacewa sai a haɗa. Da abokin ya zo ɗaukar kaya ya ga ledar a gefe, ya ɗaga ta ya ce ai wannan ba nauyi, a kawo ya soka a gefen jaka. Abba ya karɓe yana murmushi, ya ce ta gida ce, ba ta aike ba. Ina tsaye da tiren shayi, taku biyu tsakanina da mutumin. Da na ce ta Kaka ce, da ya tafi da ita, na ga haka a fuskarsa. Na ajiye tiren na koma bayan labule.

Aka ɗora ledar a saman durowa. Aka buɗe makaranta, na shiga aji da ba na jin abin da ake faɗa, 'yan matan kujerar baya suna toshe hanci suna cewa jakata tana warin khal, ruwan tsamin nan da suke zubawa a abinci. Gaskiyarsu ce. Duk kiran da aka yi gida Kaka takan tambaye ni ina saƙonta, ko na cinye ne. Nakan ce yana hanya. Kiran ƙarshe muryarta ta yi ƙasa sosai, ta ce wannan hanya da tsawo take.

Ta rasu bayan Babbar Sallah da kwanaki kaɗan. Ba wanda ya iya zuwa a cikinmu. Matan ɗalibai da maƙwabta suka cika falon da gaisuwa, Umma tana zaune ta jingina da bango inda kwalayen suke a da. A rana ta biyu abin da ake ba baƙi ya ƙare. Wata daga cikin masu taya aiki ta hango ledar a saman durowa, ta sauko da ita ta juye a faranti biyu. Umma ta gani, ba ta hana ba. Na zauna a bakin ƙofa ina kallonsu suna tauna. Suka ce kai, wannan abu da daɗi, yaya ake yi? Tsohuwar hawa na huɗu ta yi musu bayanin lemon tsami da zare. Kafin la'asar ba abin da ya rage sai gari a gindin faranti.

Abba bai yi min maganar ba, ni ma ban yi masa ba. Ran kwana bakwai ya dawo daga makaranta da 'yar leda, ya tsugunna inda nake rubutu ya ajiye a gabana. Tuffa uku ne jajaye masu sheƙi, ba tabo ko ɗaya, sayo su ya yi. Ya tsaya yana jira, hannunsa a kan gwiwa, na ga inda igiyar kwali ta bar masa kanta a tafin hannu. Ban taɓa roƙonsa komai ba tun zuwana, ko fensir ta bakin Umma nake nema. Na rufe littafina, na ɗago na dube shi.

"Abba, don Allah kar ka ƙara shigo da tuffa gidan nan."