Goggo da tukunyata ta lantarki

Jama'a, yau na ga abin da ya hana ni cin abinci!

Kun san tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali da na sayo? Da safe na zuba mata naman akuya na farfesu, na kunna, na tafi ofis. Na bar Goggo, yayar baban maigidana da ta zo daga Kurfi, a gida.

La'asar na dawo, ban ji ƙamshi ba. Ina shiga falo sai ga Goggo zaune, ƙafafunta biyu tsundum cikin tukunyata! Ruwan ya yi fari da kaushi, tana ta gurzawa da dutse!

Na ce, “Innalillahi! Goggo, ina farfesuna?”

Ta ce, “Yo har azahar abin nan bai tafasa ba, na juye miki a tukunyar gawayi. Amma ɗuminsa, 'yar nan, daidai fasona!”

Na ruga bayan gida na yi amai.

Ina fitowa ta ce, “Ɗauraye ta kawai, ai da alwalata na sa ƙafafun.”