Telan da Ya Yi ta Rage Wandonsa

A da duk layin babu mai surutun Tela, kamar ya haɗiyi rediyo. In ya zagaya wa mutum tef a ƙugu sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan tumbin ai yadinsa daban." Yayarsa, wadda ta goya shi tun yana tsumma, takan ce da ana sayar da baki da tuni ya gina bene.

Sai ƙanensu, wanda suke shago ɗaya da shi, ya rasu. Tela ya lulluɓe keken marigayin da ƙyalle, ya koma kan nasa. Bai zubar da hawaye a gaban kowa ba, dangi suka yi ta yabo: "Kai, bawan Allahn nan akwai haƙuri." Yabon nan kuwa shi ya cuce shi. Barci ya ƙaurace masa, dariya ta bi sahu. Ya daina takawa ko zuwa kasuwar yadi, sai aike. Abincinsa ya koma shayi mai zaƙi cau, kofi bayan kofi, yana zaune a kan keke. Matarsa ta gaji da zaman kurame ta koma gidansu.

Yayar ce ta riƙa leƙo shi da kwanon abinci, shekara da shekaru. Ma'auninta ɗaya ne: mai ciwo ramewa yake, kaya su yi masa yawa. To gemu ya rufe kumatu, riga da wando kuma kullum sun zauna masa daram, sai ta ce da sauƙi, baƙin ciki ne kawai, zai wuce.

Wata rana da rana tsaka ya miƙo mata allura.

"Yaya, zura min zaren nan. Shagon nan duhu ya yi masa yawa."

Ta dubi ƙofa, hasken rana har kashe ido yake. Tela babu ido ai an gama da shi. Ta tasa shi gaba zuwa asibiti, yana ta "ni lafiyata lau."

Likita ta gama aune-aunenta ta ce ciwon sukari ne da hawan jini, sun daɗe suna ɓarna. Idon hagu ya tafi, na dama za a gwada. Ta ce damuwar da ya kwana da ita shekaru ciwo ce mai magani, kuma in an bar ta takan buɗe wa wasu cututtuka ƙofa.

Ta juya ga yayar ta ce, "Mama, ba ku ga yana ramewa ba?"

"Wallahi ban gani ba, 'yar nan."

Aka ba shi gado. Yayar ta koma ɗakinsa ɗebo masa kayan sawa, ta juya wani wando za ta ninke. A cikin ƙugun ta ga layin ɗinki, kusa da shi wani, kusa da shi wani. Ashe duk sanda ya rame sai ya hau keke ya rage abinsa, don tela ba ya yarda a gan shi da kayan da ba su zauna ba. Layukan farko miƙe suke sambal. Na baya-baya sun karkace, na ƙarshe ya kauce ya ci aljihu. Ta zauna a bakin katifa ta yi kukan da ya kamata su yi tare tun ranar rasuwar.

Idon daman ma bai tsira ba. Ranar da aka sallame shi, ta kai shi gidanta. Ya shafa ƙugunsa ya ce, "Yaya, wandon nan ya yi min yawa. Zura min zare."

Ba ta iya ce masa a'a ba. Ta zura, ta sa masa allurar a hannu. Ya riƙe ta, ya yi ta lalube yana neman inda zai fara.