Mai Gadi da Gyaren Silin

A zauren wani masaukin baƙi a Yelwa, Dorcas tana jiran mota, idonta na kan mai gadin wurin. Dogo ne siriri, idanu jajur, da kafaɗu irin na wanda ya tsufa yana tuƙa kwale-kwale. Can ƙololuwar silin, na'urar gano hayaƙi da 'yan kwangila suka bari tana ta "ƙiit! ƙiit!" Duk ƙarar da ta yi sai ya cije leɓe.

"Wanga gyare ya hana mani kwana," yake gaya mata.

Ya ɗaura tsumma a bakin doguwar gora, ya cinna masa wuta, ya miƙa sama don hayaƙi ya kori gyaren. Ai kuwa na'urar ta ɓarke da ihu kamar ana yanka ta.

"Baba, ba gyare ba ne, batir ne ya yi sanyi!" in ji Dorcas.

"Ko mene ne, yau sai na rama."

Ya kai mata bugu da gorar, ta faɗo ƙasa, ta sake cewa ƙiit. Ya jefa ta aljihu, ya nufi bakin ruwa yana murmushin mugunta.

"Su ma kifaye su ɗanɗana."