Hulda da Ƙwan Yau

A unguwarsu a Kafanchan, in aka ce Hulda mai sabulu ba a sake tambaya. Gajeriya ce, mai ƙatuwar murya, bayan hannuwanta duk tabon soda ne tun lokacin da take koyon aiki tana awo da ido. Ba ta ɓoye tabon. Duk wadda ta zo koyo, shi take fara nuna mata kafin ta nuna mata bokiti.

Aikinta a faɗe ba wuya: a jiƙa soda a ruwa, a bar shi ya kwana ya huce, a zuba awo ɗaya na ruwan sodan a awo biyu na man alayyadi, a yi ta juyawa. Wuyar tana wajen sanin ƙarfin ruwan sodan. In ya yi ƙarfi, sabulun ya ci fata. In ya yi salam, sabulun ya ƙi daskarewa, mai ya tafi a banza. Auna garin sodan da mudu kuwa ba ya isa, domin da damina yana shan danshi, mudun jiya ba shi ne mudun yau ba. Shi ya sa take da wata 'yar sandar gilashi mai lambobi, wadda ake sakawa cikin ruwan ta yi iyo, inda ta tsaya a karanta. Ko mijinta Zamani bai isa ya taɓa ta ba.

Akuya ce ta taɓa. Ta shigo ɗakin aiki tana neman dusa, ta ture kwandon da sandar take ciki, gilashi ya tarwatse. Hulda ta yi wa akuyar nan faɗan da har maƙwabta suka leƙo.

Ba don komai ranta ya ɓaci haka ba sai don 'yarta Afiniki, mai ciki wata takwas, cikin fari. Hulda ta yi alkawari da sabulun hannunta za ta yi wa jikanta wankan farko, sabon sabulu kuwa sai ya yi kusan wata yana shan iska kafin ya taɓa jikin jariri. Ga jarka ɗaya tak ta mai mai kyau da ta ware don wannan. Mai shagon kayan haɗi ya ce zai kawo wani gilashin daga Jos mako mai zuwa, amma kowa ya san makonsa mai zuwa ba ya zuwa.

Hulda ba ta tsorata ba. Tun da daɗewa, don son sanin ƙwaƙwaf irin nata, duk ranar da gilashi ya nuna ruwa ya yi daidai takan tsoma ɗanyen ƙwai ta gani. Kullum bayan ƙwan yakan leƙo sama kamar faɗin murfin jarka.

Aminiyarta Hajiya Binta, wadda take sayar mata da mai a kasuwa, ta zo taya ta da ƙwai biyu daga shago. Aka tsoma ɗaya a ruwan sodan da ya kwana, sai ya taso ya wuce murfin jarka.

"Maman Afiniki, ya yi ƙarfi," in ji Binta. "Miƙo ruwa mu ƙara."

"Tsaya, Hajiya. Wannan ƙwai, ni ban yarda da shi ba."

Ta ɗebo ruwan rijiya a kofi ta saka ɗayan ƙwan. Maimakon ya kwanta a ƙasa, sai ya miƙe tsaye yana rangaji.

"Kin gani? Ya daɗe a shago, iska ya shiga cikinsa. Ko ruwan ba ƙarfi, shi zai tashi. Da mun ƙara ruwa, da mai na ya tafi ke nan. Sai ƙwan da kaza ya yi yau."

Kaza ɗaya ce ke ƙwai a gidan, wata ja mai taurin kai, ita kuma ba ta yi na ranar ba tukuna. Haka manyan mata biyu suka jawo kujeru gaban akurki suka zauna jiran kaza. Zamani ya dawo daga gonar citta ya same su, ya tambaya ko wani ne ba lafiya. Da ya ji dalili ya yi dariya har fartanyarsa ta faɗi. Binta ma da rana ta yi zafi ta gaji.

"Haba, shekara nawa kina wannan aiki? Ɗan zuba da ido mana, kin ƙware."

Hulda ta juyo mata bayan hannuwanta. "Ido na ne ya yi wannan. Fatan jariri ba zai ɗauka ba."

Sai bayan azahar kazar ta yi kuka. Hulda ta ɗauko ƙwan da ɗuminsa ta tsoma. Bai ko kai faɗin murfin ba, ashe ruwan ƙarin soda yake nema. Ta narka soda kaɗan a gefe, ta bari ya huce, ta riƙa zubawa tana gwadawa har bayan ƙwan ya yi daidai da murfin. Duk da haka sai da ta haɗa ɗan kaɗan a kofi, ta ga ya kama da safe, sannan ta juye jarkar.

Afiniki ta haifi namiji da sassafe wata Lahadi. Ranar da aka dawo da su gida, Hulda ta yanko sabulun, ta ɗora shi a kan harshenta gaban kowa don ta ji ko da sauran ƙarfin soda. Bai yi mata zafi ba. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta kwantar da yaron a cinyarta, hannuwan nan masu tabo suka cika da kumfa. Ya ɗan yi kuka don ruwa, ya yi shiru. Da ta goge shi ta duba wuyansa, ta duba hammatarsa, babu inda ya yi ja. Sai hawaye ya zubo mata don murna, ita da ba a taɓa ganin kukanta ba.

Da yamma Zamani ya ce a yanka jar kazar nan a yi wa mai jego farfesu.

"Ka taɓa shi ka gani," in ji Hulda. "Ga akuya can."