Keken Baba a Cikin Gem

Yayata aikinta kallon gefen hoto. Kada ka yi dariya, aiki ne har da ofis da kujera mai juyawa. A kamfanin da suke ƙera wasannin gem take. Allo ɗigo-ɗigo ne, shi ya sa duk layin da ya karkace sai ya fito da haƙora kamar zarto, ita kuma ke goge haƙoran. Dama tun tana ƙarama haka take, labule ya ɗan karkace sai ta kasa cin abinci.

Shekarar da Baba ya rasu, ta roƙi mai zanensu ya sa kekensa a sabon gem ɗin, wani tsoho yana tuƙawa a bakin titi. A kwamfuta ya fito tsaf. Da aka ɗora a na'urar da ake jonawa da talabijin, sai wayoyin ƙafar keken suka kama rawa, su ɓace su dawo.

Ogansu ya ce, "In bai gyaru ba kafin mu fitar, a cire keken."

Nan fa Yaya ta ɗaura ɗamara, ta gwada dabaru uku. Dabara mai sauri ta goge haƙoran, amma ta dagula hoton duka, sai ka ce an shafa wa allon mai. Wadda ke haɗa hoton yanzu da na baya ta yi kyau in keke na tsaye, da ya motsa sai wayoyin su narke, inuwa na bin tsohon. Mai nauyin kuwa, wadda kwamfuta ke ɗauka ba gardama, na'urar talabijin haki ta dinga yi da ita, wasan yana cijewa.

Abokan aikinta duk hanci a jikin allo suke dubawa. Ita ta ja kujera baya, daidai inda mutum ke zama a falo, ta ƙara wa wayoyin kauri kaɗan, ta rage yawansu. Daga nan dabarar nan mai haɗa hotunan ta daina cinye su. Oga ya kalla ya ce a bar keken.

Wallahi kaina ya fasu ranar da ta kunna mana a gida. Mama ta gyara tabarau, ta bi allon da kallo har tsohon ya wuce.

"Nasa ne," ta ce. "Sai dai bai taɓa wanke shi haka ba. Maido min da shi baya."